Filin Karnukan Bayan Gidanmu

Asabar, 16 ga Satumba, 2023

Ba ni da kare, ban taɓa yi ba, kuma ba na jin zan yi. Amma yau na dawo gida da sunana a takardar kwamitin gyaran filin karnuka na unguwarmu, a nan Bronx ta birnin Niyok. Uwargida ta dube ni ta ce, "Malam, duk kwamitocin duniya ka rasa wanda za ka shiga sai na karnuka?" Ban ce mata komai ba, na ɗauko wannan littafi.

Tagar ɗakinmu a hawa na uku tana kallon kusurwar lambun shaƙatawa, inda aka zagaye wani fili da shingen waya domin masu karnuka su kwance musu igiya su yi guje-guje. Dokar birni ta ce kare in ya fito waje sai da igiyar da ba ta wuce ƙafa 6 ba, in ba a irin wannan fili ba, ko a wasu lambuna da aka ware daga ƙarfe 9 na dare zuwa 9 na safe. Mutumin da ke zaune a gidan haya ba tsakar gida ba soro, nan ne kaɗai dabbarsa za ta miƙe ƙafa. To, namu filin ya tsufa. Shingen ya rusuna ta gefe ɗaya, diddigar katakon da aka shimfiɗa ta ruɓe ta zama taki, in rana ta buɗe kuwa zarnin fitsari har kan gadonmu.

Masu karnukan ne suka kira taro. Maƙwabciyarmu 'yar Dominika, mai wani ɗan farin kare kamar curin auduga, ita ta roƙe ni in je in yi tafinta, tunda gininmu cike yake da mutanen Ghana da Nijar da Togo. Na je. Kujeru sun kusa talatin, kuma duk wanda ya zauna a kai mai kare ne. Babu wanda zan yi wa tafinta. Na tambaya ina aka kafa sanarwar taron, aka ce a jikin shingen filin. Na ce to wa ke tsayawa ya karanta takarda a jikin shingen karnuka in ba mai kare ba? Aka yi shiru, sai shugabar taron ta turo mini takarda da biro.

Lahadi, 24 ga Satumba

Shugabar, wata malamar firamare mai ritaya da ke da karnuka biyu, ta raba aiki. Ni kallo aka ba ni, tunda tagar tawa ce. Mako guda ina zama da kofin shayi bayan Asuba, da kuma in na dawo aiki da yamma, ina rubuta abin da na gani.

Da takuna, filin taku 40 ne a tsawo, 18 a faɗi. Ƙofarsa ɗaya, ƙyaurenta ɗaya, sakatar ta lalace an ɗaure da tsumma. Tana buɗewa kai tsaye kan siririyar hanyar da ta ratsa lambun. Wannan hanya ita ce yanke daga tashar bas zuwa gine-ginenmu, ita ta bi ta gaban lilon yara, ita kuma masu zuwa masallaci ke bi. Sau uku na ga kare ya sulale ta tsakanin ƙafafun mai shiga ya fito hanya. Na ga dattijo ya tattare babbar riga ya sauka kan ciyawa. Na ga mata masu keken jarirai suna barin yanken su zagaya ta bakin titi. Duk na rubuta, amma gaskiya hankalina yana kan warin.

Lahadi, 1 ga Oktoba

Shekaranjiya Juma'a aka yi ruwan da ya tsayar da jiragen ƙarƙashin ƙasa, har gwamna ta ayyana dokar ta-ɓaci. Filin ya zama kududdufi. Abin da ya tayar mini da hankali shi ne inda ruwan ya nufa da ya fara janyewa: ya kwaso ruɓaɓɓen katako da kashin karnuka ya bi ta ƙofar, ya tsallaka hanyar, ya kwanta ƙarƙashin lilon yara. Na ɗauki hotuna.

Akwai wata a kwamitin da ke aiki a asibitin dabbobi. Da ta ga hotunan sai ta ce kashin ma da sauƙi, abin tsoro fitsarin ɓera ne. Akwai cutar da likitoci ke kira leptospirosis, ƙwayarta tana fita a fitsarin ɓeraye ta zauna a cikin ruwan da ya kwanta da damshin ƙasa, kare ya lasa ya kamu, ta taɓa masa ƙoda da hanta. Mutum ma yana ɗauka ta ƙujewa ko ta ido da baki. Ta tuna mana da 2017, lokacin da mutum uku suka kamu a layi ɗaya a yankin Concourse, nan cikin Bronx, ɗaya ya rasu. A farkon 2022 kuma an rufe filin karnuka na lambun McCarren a Brooklyn na ɗan lokaci, bayan rahoton mutuwar wasu karnuka da aka yi zargin cutar ce. Karnuka suna da allurar rigakafinta. Yaran da ke wasa da ƙasa a gindin lilo ba wanda ya yi musu.

Daga yau magudanar ruwa ta hau saman jerin buƙatu, ba wanda ya yi gardama.

Asabar, 14 ga Oktoba

Maganar kuɗi. Tun 2011 majalisar birni ke da wani tsari da ni nake kira kasafin jama'a: kansilan da ya ga dama yakan ware aƙalla dala miliyan ɗaya daga kuɗin ayyukan mazaɓarsa, mazauna su kawo shawara da kaka, 'yan sa-kai su tace su da hunturu tare da hukumomi, a kaɗa ƙuri'a da bazara. Sharaɗi shi ne aikin ya kai dala 50,000 kuma ya zama abin da zai yi shekara 5 yana amfani. Kansilanmu yana cikin masu yi. Mun cike takardar shawara, muka rubuta magudana da shinge da famfo.

Abin da ya ja hankalina shi ne wa ke da ƙuri'a. Duk mazaunin mazaɓar da ya kai shekara 11, ko yana da takardun zama ko ba shi da su. Na ce wa shugabar, in haka ne ƙuri'un da ke cikin gininmu da masallacinmu sun ninka na masu karnuka, kuma in ba a je an same su ba, makaranta mai neman na'urar sanyaya aji za su zaɓa, kuma ba su yi laifi ba. Ta ce to in kawo su taro. Na ce ba za su zo ba. Mu za mu je.

Asabar, 28 ga Oktoba

Jiya bayan sallar Juma'a liman ya ba ni minti biyar. Na miƙe gabana yana faɗuwa, don na san abin da zai biyo baya. Ina cewa "filin karnuka" kuwa aka fashe da dariya. Wani Alhaji ɗan Kumasi, direban tasi ne shekara da shekaru, ya ce, "Ikon Allah! Mu muna neman ɗaki biyu ba mu samu ba, kare yana da fili har da kwamiti!" Ban musa ba, don ni ma na taɓa faɗin haka.

Sai gardama ta ɓalle ta inda ban zata ba. Wani ɗan'uwa daga Yaman mai kantin kan kwana ya ce kare najasa ne gaba ɗayansa, in ya taɓa ka da damshi sai wanki bakwai, ɗaya da ƙasa. Wani ɗan Bangaladash ya ce a wurinsu yawun ne najasa, ban da gashin. Liman ya bari suka gama, sannan ya yi magana da Hausa aka fassara. Ya ce kowa ya faɗi abin da ke mazhabarsa, na farko Shafi'iyya, na biyu Hanafiyya. Mu kuma da muka yi karatun zaure a kan Malikiyya, abin da aka koya mana shi ne duk mai rai tsarkakakke ne, har yawunsa, kuma wanke ƙwarya sau bakwai in kare ya yi lallagi a ciki bin umarni ne, ba don ƙazanta ba. Amma fitsarinsa da kashinsa najasa ne a wurin kowa. Ya ƙara da cewa ajiye kare a cikin gida ba don gadi ko kiwo ko farauta ba, wannan ba namu ba ne, amma maƙwabcinka da ya ajiye yana da haƙƙin maƙwabtaka, dabbar ma tana da nata. Ya kawo hadisin mutumin da ya shiga rijiya ya ɗebo ruwa da huffinsa ya shayar da kare mai ƙishirwa aka gafarta masa.

Na ce, "Allah ya gafarta Malam, to me za mu gaya wa kwamiti?" Ya ce in tambayi mata, su ke bin hanyar sau biyar a rana.

Ta bayan labule wata Hajiya mai sayar da tuwo da miyar ayoyo ta ɗaga murya. Ta ce, "Malam, mu ba ruwanmu da karnukansu, Allah ya bar su da abinsu. Ƙofar nan ce. Kana tafe da alwala, da yara uku, sai ƙofa ta buɗe kare ya faɗo maka a zane. A juya ƙofar ta kalli wani wuri, shi ke nan." Mata suka ɗauka gaba ɗaya, haka ne, haka ne.

Na dawo gida na buɗe abin da na rubuta ranar 24 ga Satumba. Duk yana nan, dattijo mai tattare riga, mata masu zagaye. Mako guda ina kallo ta taga ban gane abin da nake gani ba, Hajiya ta faɗe shi a numfashi ɗaya. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Laraba, 8 ga Nuwamba

Mun kai hotuna da bayani gaban kwamitin lambuna na majalisar unguwa. Irin waɗannan majalisu 59 ne a birnin, 12 a Bronx, 'yan sa-kai ne, kuma shawara kawai suke bayarwa, amma hukuma takan so ta ga wasiƙarsu kafin ta motsa.

Bayan an tashi wata dattijuwa baƙar Ba'amurkiya ta riƙe hannuna a bakin ƙofa. Ta haura tamanin, da sandarta. Ta ce ta ji ina cewa mutanenmu suna tsoron karnuka saboda ba su saba ba, kuma kada in ɗauka baƙi ne kaɗai. A Kudu ta tashi, ta ce, kuma tana budurwa lokacin da 'yan sandan Birmingham ta jihar Alabama suka saki karnuka a kan masu zanga-zangar neman 'yanci a 1963, har da 'yan makaranta. Ta ce, "Ɗana, na san ƙaramin karen maƙwabciyata ba shi ne wancan ba. Kaina ya sani. Ƙafafuna ne ba su sani ba." Shekarunta a unguwar sun fi nawa a duniya, kuma ta ce ba ta taɓa zama a bencin da ke kusa da ƙofar filin ba, alhali shi ne mai inuwa.

Na ce, "Mama, in aka juya ƙofar za ki zauna?" Ta ce a juya tukuna.

Asabar, 25 ga Nuwamba

Taron daɓe. Ban taɓa sanin mutane za su iya awa biyu suna musu a kan abin da kare zai taka ba.

Diddigar katako ita ce mai araha kuma mai taushi, amma tana shan fitsari ta riƙe, tana ruɓewa, ɓeraye suna son ta, kuma sai an riƙa ƙara sabuwa. Ita ta kawo mu inda muke. Tsakuwa ƙanana tana barin ruwa ya wuce, sai dai tana shiga tsakanin yatsun ƙananan karnuka, wasu ma haɗiyewa suke yi, kuma keken guragu ba ya tafiya a kanta. Garin dutse da ake daddaɓewa yana da kyau in an yi masa gangare daidai, amma da rani ƙura yake tayarwa, farin kare ya shiga ya fito kamar ya yi birgima a toka. Maƙwabciyata ta ce ita kam a'a. Ciyawar roba ta fi kyan gani, ta fi tsada, tana ɗaukar zafi da rana, kuma in ba a wanke ta da ruwa a kai a kai ba warinta ya fi na katako. Daɓen kwalta ko siminti shi ne mai sauƙin wankewa, masu tsofaffin karnuka kuma suka ce yana cin gaɓoɓi.

Kowa karensa yake karewa. Mai babban kare yana son wurin gudu, mai ƙarami yana son a raba filin biyu kada a tattake masa nasa. Wani saurayi mai kare irin na 'yan sanda ya ce in aka yanke wa ƙanana kashi ɗaya cikin uku, abin da ya rage bai isa nasa ya juya ba. Ya yi gaskiya, taku 40 ne duka duka. An tashi kare jini biri jini.

Da na kawo maganar ƙofa, saurayin ya ce an fara ke nan, yau a juya ƙofa, gobe a ce a rufe filin. Ya ce su suna biyan lasisin kare duk shekara, dala 8.50 in an yi wa karen fiɗiya, dala 34 in ba a yi ba, suna yin allurar haukan kare, suna kwashe kashi kamar yadda dokar 1978 ta ce, wanda bai kwashe ba tarar dala 250 ce a kansa. Me kuma ake nema da su? Na fahimci tsoronsa. Filin karnuka na farko a birnin nan sai 1990 aka same shi, a lambun Tompkins Square, kuma masu karnuka ne suka yi ta fafutika kafin a ba su. Abin da aka samu da wuya ba a son a ji ana taɓa shi. Na ce masa ba wanda ya ce a rufe, ko mutum ɗaya. Bai yarda ba.

Mutane ma sun ragu a filin kwanakin nan, saboda labarin wani tarin karnuka da ake ta yi a jihohi irin su Oregon da Colorado.

Talata, 12 ga Disamba

Na yi ɓarna, kuma gara in rubuta ta da hannuna.

Na fassara takardar jin ra'ayi zuwa Hausa, muka buga tare da ta Sifaniyanci da Faransanci da Bangla. A inda ake nufin sake fasalin filin, ni na rubuta "a gyara shi a buɗa shi". Ina nufin a buɗa wurin shiga. Wani ya karanta wa wani, wani ya ɗora a WhatsApp da murya, kafin kwana biyu labari ya zama za a cire lilon yara a faɗaɗa wa karnuka. Uwargida ta ji a wurin suna, ta dawo ta ce, "Malam, wai kai ne ka sa hannu?" Har daga Accra wani ya kira ƙaninsa yana tambaya.

Darasi biyu na ɗauka. Na farko, kalmar da ke da fuska biyu ba ta shiga takardar jama'a. Na biyu ya fi ciwo: yawancin 'yan'uwanmu na zango suna jin Hausa kamar ruwa, amma ba da ita suka yi boko ba, da Turanci ko Faransanci suka yi, wasu kuma ajami ne nasu. Takardata ta Hausar boko kusan ni kaɗai ta yi wa amfani. Na ɗauki saƙon murya na minti biyu, na ce lilo yana nan, ba za a ƙara wa filin ko taku ɗaya ba, magudana da ƙofa ake magana. Liman ya tura, Hajiya mai tuwo ta tura wa mata. Amsoshin da suka dawo da murya sun fi duk takardun da muka tattara yawa. Dare uku ina saurare ina rubutawa.

Asabar, 20 ga Janairu, 2024

Wata mai zanen lambuna da ke zaune a unguwar ta yi mana zane biyu kyauta, don mu sami abin nunawa. Ta gargaɗe mu cewa zanen gaske na hukuma ne, nata na fara magana ne kawai.

Zane na ɗaya ya bar ƙofa inda take, amma ya mai da ita mai ƙyaure biyu da ɗan zaure a tsakani: ka shiga, ka rufe na waje, ka kwance igiya, sannan ka buɗe na ciki. Da ta nuna na ce ai wannan soro ne, haka gidajenmu suke, ba a faɗawa tsakar gida kai tsaye. Zane na biyu yana da soron, amma ya ɗauke ƙofar ya kai ta gefen arewa, ta bakin titi, ya toshe gefen hanyar da shinge mai tsawo da shuke-shuke. A duka biyun an karkata gangaren ruwa ya bar wajen lilo.

Na ɗauka an gama, na biyu ne. Sai wani mutum mai keken guragu, wanda karensa ke ɗauko masa abin da ya faɗi, ya ce gefen arewa akwai tudu da matakala uku. Yanzu yana shiga filin shi kaɗai. In aka kai ƙofar can, sai ya nemi mai ɗaga shi. Dokar naƙasassu ta 1990 ma ba za ta bari a gina sabuwar ƙofa a kan matakala ba, dole a yi gangara, kuma ƙa'idarta duk inci ɗaya na tudu sai inci 12 na tsawo. Mai zanen ta auna a takarda, gangarar ta bi ta kan saiwoyin babbar bishiyar da ke ba filin inuwa. Tono a nan yana iya kashe ta.

Na yi shiru. Wata uku ina yawo da maganar waɗanda ba a tambaya ba, ga wani a gabana ban taɓa tambayarsa ba, kuma kullum ina ganinsa ta taga.

Talata, 13 ga Fabrairu

Ƙanƙara ta sauka, yara suna karatu daga gida. Ba taro. Filin ya yi fari fat, ba wari, karnuka suna ta birgima. Autata ta manne a taga ta ƙi karatu.

Asabar, 24 ga Fabrairu

Mun fita filin da igiyar awo da alli, mu takwas: shugabar, mai zane, mai keken, saurayi mai babban kare, Hajiya mai tuwo da 'yarta, Alhaji direba, da ni. Aka bar karnuka a gida. Wannan ne karo na farko da Hajiya ta taka cikin shingen. Ta toshe hanci da mayafi ta ce, "Su ma bayin Allah a nan suke zama?"

'Yar tata, mai shekara 12, ita ta ga abin da ya kuɓuce mana. Ta ce me ya sa sai arewa? Kusurwar gabas ƙasa a shimfiɗe take, kuma akwai wani tsohon reshen hanya da ya mutu a wurin, inda ake ajiye gangunan shara. In aka kawar da gangunan aka sa soron a can, mai kare zai bar babbar hanya taku goma sha biyu kafin ya kai ƙofa, kuma ƙofar za ta kalli bango. Mai keken ya gangara ya gwada, ya juya kekensa ba tare da ya taɓa komai ba. Mai zanen ta zana da alli. Saurayin ya auna abin da soron zai ci daga filin, ya ga bai kai yadda yake tsoro ba, ya ce in dai ba za a raba filin biyu ba ya yarda. Aka ce ƙananan karnuka a ba su sa'o'insu na daban a rubuce a allo. Maƙwabciyata ba ta ji daɗi ba da ta ji, kuma har yau ba ta sauko ba.

Alhaji direba bai ce uffan ba sai da za mu watse. Ya ce gangunan sharar fa, ina za a kai su? Kada a kawo su ƙofar masallaci. Ba wanda ya san amsa.

Asabar, 16 ga Maris

Azumi ya kama tun Litinin. An riga an sa taron amincewa da zane na uku ƙarfe 7 na yamma, daidai shan ruwa. Ba da gangan ba ne, ba wanda ya duba. Maimakon a ɗaga, liman ya ce a zo a yi a ɗakin ƙasa na masallaci bayan Magariba. Masu karnuka tara suka zo, suka cire takalma, suka sha kunu da ƙosai. Shugabar ta tambaye ni a asirce ko gashin kare da ke jikin rigarta zai ɓata wurin. Na ce ta tambayi ɗan Yaman, shi ne mai tsanani. Ta tambaye shi da gaske. Ya yi dariya ya ce busasshe ba komai, ta zauna.

An amince da ƙofar gabas da magudana da famfo mai kwano a ƙasa. Daɓe an bar wa injiniyoyin hukuma su zaɓa tsakanin garin dutse da siminti, tunda mu mun kasa. Shawarar tamu ta tsallake tacewa, za ta fito a takardar ƙuri'a.

Asabar, 6 ga Afrilu

Jiya da safe ƙasa ta girgiza, ma'auni 4.8, daga New Jersey. Ina wurin aiki. Uwargida ta ce kofuna sun yi ƙara, karnukan filin kuma suka ɗauki haushi gaba ɗaya. Yau aka buɗe ƙuri'a, za a rufe 14 ga wata.

Laraba, 10 ga Afrilu

Sallah. An ba mu izinin kafa teburin ƙuri'a a gefen hanya bayan an sauko Idi. Yara 'yan shekara 11 da 12 cikin shadda da leshi suka yi layi, wasunsu wannan ce ƙuri'arsu ta farko a duniya. Ba mu ce wa kowa ga abin da zai zaɓa ba, an hana, kuma ana iya zaɓar aiki fiye da ɗaya. Na ga da yawa sun yi wa makaranta alama. Na ga Alhaji direba ya daɗe a kan takardarsa, ya rufe da hannu kamar mai jarrabawa. Da ya miƙo na ce, "Alhaji, kare ya samu?" Ya ce, "Kai dai karɓi." 

Mama mai sanda ta zo ita ma, jikarta ta kawo ta. Ta tsaya nesa da shingen aka kai mata takarda.

Asabar, 4 ga Mayu

Ana jiran sakamako. Ko mun ci, kuɗin sai ya shiga kasafin da ke farawa 1 ga Yuli, sannan zanen hukuma, sannan neman ɗan kwangila, sannan gini. Waɗanda suka san harkar sun ce a yi lissafi da shekaru. 'Yar Hajiya tana iya shiga babbar sakandare kafin ta ga ƙofarta.

Kafin nan an ba mu izinin ƙananan abubuwa. An sa sabuwar sakata. Mun kwashe ruɓaɓɓen katako buhu-buhu ranar Asabar da ta wuce, aka kawo sabo. An rataya allo mai harsuna huɗu cewa a ɗaura igiya kafin a buɗe ƙofa, kuma wannan karon sai da na karanta Hausar wa mutum biyar kafin a buga. Gangunan shara suna nan inda suke. Maƙwabciyata tana tattara sa hannu a kan a raba filin biyu, kuma ta ce in yi mata tafinta.

Saura maganar famfo. In an kafa shi, dole wani ya riƙe makullin akwatin tiyo, ya wanke daɓen da sassafe kafin rana ta taso da wari. Masu karnukan duk suna fita aiki da wuri ko suna zaune nesa. Shugabar ta ce ana buƙatar wanda ke kusa, wanda ke tashi da Asuba, wanda kuma warin ya fi damu. Kowa ya juyo ya dube ni. An sa taro 18 ga wata. Ban gaya wa uwargida ba tukuna.